Bulon Kakana: Tarihin Jami'ar Ahmadu Bello Daga Bakin Gonar Auduga

Kakana bai taɓa zama a ajin boko ba. Karatunsa na allo ne, sana'arsa noma, duniyarsa kuwa ba ta wuce tsakanin Funtuwa da Bakori da Malumfashi ba, sai fa in wata lalura ta fitar da shi. Irin wannan lalura ce ta haɗa ni tafiya da shi zuwa Zariya ina yaro, lokacin da ciwon ido ya matsa masa. Mun wuce Giwa, mun wuce Shika, da motarmu ta iso Samaru ta rage gudu a gaban babbar ƙofar jami'a, sai ya taɓa kafaɗata ya nuna mini dogon ginin da ya yi wa sauran gine-gine zarra.

"Ka ga wannan makaranta?" in ji shi. "Akwai bulona a cikinta."

Na ce, "Kaka, ashe ka taɓa yin aikin gini?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ban taɓa ɗaukar kwanon siminti ba. Auduga na noma, aka auna, aka ba ni abin da aka ga dama, saura kuma Sardauna ya yi gini da shi."

Mutanen cikin mota suka yi dariya, ni ma na taya su. Sai bayan shekaru, da na fara bin diddigin tarihin wannan jami'a, na gane cewa tsohon ba raha yake yi ba. A cikin jimla ɗaya ya faɗi abin da wannan maƙala take son ta tabbatar: Jami'ar Ahmadu Bello ta tashi ne da bashin manoma a wuyanta, an tsara ta yadda za ta iya biyan bashin, kuma hanya mafi adalci ta auna tarihinta ita ce a duba nawa ta biya, nawa ya rage.

Kafin a ce jami'a

Jami'ar ba daga fili ta tashi ba. Kafin a raɗa mata suna, akwai makarantu da tashoshin bincike a warwatse, kowanne da dalilin kafa shi. Ɗaya daga cikin mafi tsufa ita ce tashar binciken aikin gona ta Samaru, wadda gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe a 1922. Abin da ya fi damun Turawa a lokacin shi ne amfanin gonar da za a fitar waje, musamman auduga da masaƙun Ingila suke buƙata. Tun 1912 aka shigo da irin audugar Amurka da ake kira Allen, mai dogon zare, aka yi ta tace shi a Samaru har ya saba da ƙasarmu. A Daudawa, nan kusa da mu, aka riƙa ninka irin kafin a raba wa manoma. Kamfanin auduga na Ingila, wanda bakin Bahaushe ya mayar da sunansa Bisije, ya kafa gidajen gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, kuma a ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. Ashe tun kafin a yi mafarkin jami'a, zare ya riga ya ɗaure Samaru da gonakinmu.

Bayan tashar Samaru sai gonar binciken dabbobi ta Shika a 1928. Sai makarantar koyon aikin akawu da aka buɗe a Kongo a 1947, wadda ta girma ta zama Cibiyar Koyar da Sha'anin Mulki, inda aka horar da ma'aikatan En'e da alƙalai da jami'an gwamnatin Arewa. A farkon shekarun 1950 kuma aka buɗe reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya. A wannan kwaleji ce wasu ɗalibai masu zane, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka dage a kan cewa zanen ɗan Nijeriya ya kamata ya tsotsi nonon al'adarsa. A Kano kuma akwai kwalejin da ta tsiro daga Makarantar Nazarin Larabci a 1960, wadda daga baya aka sa mata sunan Sarki Abdullahi Bayero.

Da 'yancin kai ya ƙarato, gwamnatin tarayya ta naɗa hukumar bincike a 1959 ƙarƙashin Sir Eric Ashby domin ta duba buƙatun ƙasa na ilimi mai zurfi. Rahotonta ya fito a 1960, kuma cikin shawarwarinta akwai kafa jami'a a Arewa. A 1961 majalisar dokokin Jihar Arewa ta zartar da dokar kafa ta. Ranar 4 ga Oktoba, 1962, jami'ar ta buɗe da tsangayoyi 4, sassa 15 da ɗalibai 426. Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda shi kansa tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina ne, ya zama uban jami'a na farko, Norman Alexander ɗan ƙasar Niyu Zilan kuma ya zama shugabanta na farko.

To, da wane kuɗi? Jihar Arewa ba ta da man fetur. Abin da take da shi shi ne haraji da jangali, da kuma gyaɗa da auduga. Hukumar cinikin amfanin gona ce kaɗai take da ikon sayen waɗannan kaya domin fitarwa waje. Ita take yanke farashi a farkon kaka, kuma sau da yawa abin da manomi yake karɓa bai kai abin da kayan suke samowa a kasuwar duniya ba. Rarar da ta taru ta zama ɗaya daga cikin manyan rumbunan da gwamnatin jiha take ɗiba domin ayyukan raya ƙasa. Wannan shi ne bulon da kakana yake nufi. Bai san adadinsa ba, amma ya san daga hannunsa ya fita.

Wani gari a Holan

Ba mu ne farkon mutanen da wahalarsu ta haifi jami'a ba. A ƙasar Holan akwai garin Leiden, garin masaƙa, wanda sojojin Sifen suka yi wa ƙawanya a 1574 har yunwa da annoba suka hallaka dubban mutane. Mutanen garin suka ƙi buɗe ƙofa, har aka fasa madatsun ruwa, jiragen 'yan uwansu suka iso, aka karya ƙawanyar ranar 3 ga Oktoba. Watanni huɗu bayan haka, ranar 8 ga Fabrairu, 1575, jagoran tawayen, William na Orange, ya sa aka buɗe jami'a a garin, ita ce mafi tsufa a ƙasar. Mutanen Leiden suna ɗaukar ta a matsayin tukuicin juriyarsu, kuma har yau ranar 3 ga Oktoba ranar biki ce a garin.

Abu biyu ne suka ja hankalina a tarihinta. Na farko, tsarin riƙonta. An danƙa kula da ita ga amintattu da majalisar lardin ta naɗa, tare da magadan garin na Leiden, malamai kuma suna da majalisarsu da shugaban da ake ɗauka daga cikinsu. Wato garin da ya sha wahala yana da kujera a inda ake yanke shawara. Na biyu, ta ɗauki 'yanci a matsayin takenta, kuma an gwada ta a kansa. Ranar 26 ga Nuwamba, 1940, lokacin da Jamusawa suka mamaye ƙasar suka kori malamai Yahudawa, Farfesa Cleveringa ya tsaya gaban ɗalibai ya yi Allah wadai da korar malaminsa Meijers. An kama shi, an kuma rufe jami'ar. Leiden ta girmi Zariya da shekara 387, amma tambayoyi biyun da tarihinta ya ɗaga su ne namu: wa yake da jami'a, kuma wa take wa magana?

Yadda aka tsara gidan

Tsarin Jami'ar Ahmadu Bello gado ne daga jami'o'in Ingila, kuma ya raba iko gida-gida domin kada mutum ɗaya ya haɗiye shi. A can ƙoli akwai Mai Ziyara, wanda a yau shi ne shugaban ƙasa, mai ikon tura kwamitin duba lafiyar jami'a lokaci-lokaci. Sai uban jami'a, muƙamin girmamawa da aka saba ba babban basarake, wanda yake jagorantar bikin yaye ɗalibai. Ainihin iko yana hannun majalisu biyu. Majalisar gudanarwa ita ke riƙe da kuɗi da kadara da ɗaukar ma'aikata, ita ce kuma take da babban hannu wajen zaɓen shugaban jami'a. Majalisar dattawa, wadda furofesoshi da shugabannin tsangayoyi da na sassa suke zama a cikinta, ita ke da ta-cewa a kan karatu: me za a koyar, wa za a ɗauka, wa ya ci jarrabawa, wa ya cancanci digiri. Shugaban jami'a, wanda yanzu wa'adinsa shekara 5 ne ba ƙari, shi ke tafiyar da harkokin yau da kullum tare da mataimakansa da magatakarda da ma'aji da shugaban ɗakin karatu. Daga nan sai tsangayoyi, kowace da sassanta, wasu a Samaru, wasu kamar shari'a da sha'anin mulki a Kongo, asibitin koyarwa kuma a Shika.

Wannan duka kowace jami'a tana da irinsa. Abin da ya bambanta Zariya shi ne ba ta narkar da tsofaffin cibiyoyin da ta gada ba. Ta bar su da sunansu da aikinsu, ta sa su ƙarƙashin inuwarta. Tashar Samaru ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona, gonar Shika ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, sashen isar da sakamakon bincike ga manoma shi ma ya girma ya zama cibiya mai zaman kanta, kwalejojin koyon aikin gona kuma suka ci gaba da yaye malaman gona. Da wannan dabara malamin da ya koyar da safe zai iya shiga gonar gwaji da yamma, abin da ya gano kuma yana da hanyar da zai bi ya isa ƙauye. Idan jami'a itaciya ce, waɗannan cibiyoyi su ne saiwoyin da suka kai gonakinmu.

Mallakar gidan ta sha sauya hannu. An kashe Sardauna a Janairun 1966, a shekarar da Dakta Ishaya Audu ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar, ya riƙe ta har 1975. Da aka rushe Jihar Arewa a 1967 aka ƙirƙiro jihohi 6, sai jami'ar ta zama dukiyar gado a tsakaninsu. A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe ta, a 1977 kuma kwalejin Kano ta tsaya da ƙafarta a matsayin Jami'ar Bayero. Karɓar tarayya ta kawo kuɗin fetur da sababbin gine-gine. Sai dai ta kuma sauya wanda jami'ar take kallo in tana neman abinci. Da can rumbunta yana gonar manomi, yanzu ya koma Legas, daga baya Abuja.

Abin da aka biya

Ba zan yi wa jami'ar rowar yabo ba, domin idona ya ga abin da ta biya. A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman da abokan aikinsa suka zauna da manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau, suna lissafin kowace rana ta aiki da kowane dami. A lokacin ana ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya alamar duhun kai ce. Binciken ya nuna cewa manomin ya fi mai ba shi shawara sanin abin da yake yi: shukar gauraye tana rage masa haɗarin fari da ƙwari, tana kuma ba shi sakamako mai kyau a kan wahalarsa a lokacin da hannun aiki ya fi ƙaranci. Wannan darasi ya fita daga Samaru ya shiga tunanin masana aikin gona a ƙasashe da yawa. A ganina wannan ne biya mafi daraja, domin mutuncin manomi aka mayar masa.

Sai kuma iri. Duk manomin yankinmu da ya sayi buhun iri ya ga sunan da ya fara da haruffan SAM, ya riƙe Samaru a hannunsa ko da bai sani ba: SAMCOT na auduga, SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMNUT na gyaɗa, SAMPEA na wake. Bayan annobar da ta ƙone gyaɗa a 1975 ta tankwashe ganyenta ta hana ta 'ya'ya, an daɗe ana aikin samar da irin da zai jure cutar. An fitar da masara mai nuna da wuri da mai jure wuta-wuta. A Disamban 2019 aka amince da waken SAMPEA 20-T mai kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanso, ko da yake har yanzu ana muhawara a kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma muhawarar ta cancanci a yi ta da harshen da manomi yake ji.

A 1975 ne kuma aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. An yi hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da takin zamani, an baza malaman gona, da yawansu yayen kwalejojin jami'ar. Dattawanmu suna cewa kafin lokacin masara abincin bayan gida ce, ana gasa ta a ci kafin gero ya nuna. Bayan shirin sai ta zama sarauniyar gona, manyan motoci suna lodinta daga Funtuwa da Dandume da Bakori zuwa kudu. An soki shirin da cewa manyan manoma sun fi ƙanana cin moriyarsa, kuma daga cikin masu wannan suka akwai malaman jami'ar kanta. Wannan ma aikin jami'a ne.

Malumfashi ta samu nata rabon ta fuskar lafiya. Lokacin da aka kafa cibiyar kiwon lafiya ta jami'ar a 1967, asibitin Malumfashi yana cikin asibitocin da aka sa ƙarƙashinta, tare da na Zariya da na Kaduna, ɗaliban likita suna zuwa su koyi aiki a cikin karkara. A shekarun 1970 aka gudanar da babban binciken cututtukan da suka zauna wa yankin, da haɗin gwiwar masana daga Liverpool, aka bi ƙauyuka ana nazarin tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. A farkon wannan ƙarni kuma jami'ar ta buɗe makarantar share fagen shiga jami'a a Funtuwa, inda yaran da makarantun sakandare suka bari da giɓi suke cike shi kafin su wuce Samaru. Ta wannan ƙofa 'ya'yan manoma da yawa suka shiga, har da wasu daga zuriyar kakana.

Abin da ya rage

Jami'ar ta yi zamanin da muryarta take girgiza ƙasa. Abdullahi Smith da ɗalibinsa Yusufu Bala Usman sun sauya yadda ake rubuta tarihin ƙasar Hausa, suka nuna cewa garuruwanmu sun ginu ne a kan noma da fatauci da ƙaura, ba a kan tatsuniyar zuwan baƙo kawai ba. Bala Usman a kan Katsina ya yi babban bincikensa. Amma faɗin gaskiya yana da farashi. An zubar da jinin ɗalibai a Samaru a 1978, aka sake zubarwa ranar 23 ga Mayu, 1986. A 1988 gwamnatin soja ta kori malami Patrick Wilmot daga ƙasar. Daga 1995 zuwa 1998 aka jingine tsarin da na bayyana a baya, aka danƙa jami'ar ga kantoma, Manjo Janar Mamman Kontagora. Majalisu biyun da aka kafa domin raba iko sun ga ranar da iko ya zo daga waje ya tsallake su.

A gefenmu kuma zaren ya yi ta tsinkewa. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Duk da ƙwarar da suke yi wa manomi, su ne suke tabbatar da tsabtar iri da tantance daraja da tabbacin mai saye, kuma ba a kafa abin da ya maye gurbinsu ba. Iri ya gauraye, masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, audugar da ta gina Funtuwa ta ja baya. Malamin gona da a da yake zuwa da babur ya zama baƙon ido. Yajin aikin malaman jami'o'i ya cinye kusan wata 9 a 2020, da wata 8 a 2022, ɗan manomin da aka sayar da buhuna aka biya wa kuɗin makaranta ya dawo gida yana jira. A Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara kuwa, rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu na nesa. Iri mai kyau ba ya amfanar wanda ba zai iya zuwa gona ba.

Ba duka wannan ne laifin jami'a ba, kuma ba duka ne take da maganinsa ba. Amma akwai wanda yake hannunta. Masu gidan Leiden sun ba garinsu kujera a majalisar riƙon jami'a. Me zai hana ƙungiyoyin manoma na yankunan da cibiyoyin bincike suke yi wa hidima su samu murya tabbatacciya a inda ake yanke abin da za a bincika? Me zai hana duk binciken da ya shafi gona ya fito da taƙaitaccen bayani cikin Hausa, a karanta a rediyo, a tura ta waya? Me zai hana ɗalibin aikin gona ya yi damina guda cur a ƙauye kafin a ba shi takarda, kamar yadda ɗaliban likita suka riƙa zama a Malumfashi? Jihohin da suka gaji Jihar Arewa su ma ba su da hujjar naɗe hannu su ce ai ta tarayya ce. Wanda ya haifi ɗa ba ya daina zama ubansa don wani ya ɗauki riƙo.

Mu ma 'ya'yan manoma da muka sha daga wannan rijiya, wani kaso na bashin ya dawo wuyanmu. Da yawanmu mun karɓi digiri mun juya wa gona baya, muna jin kunyar a gan mu da fartanya.

Kakana ya rasu kafin in sa ƙafa a cikin jami'ar. Ranar da na fara shiga ta babbar ƙofar nan, na tsaya gaban Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim ina kallon bango, ina tunanin wanne ne nasa a cikin dubban bulullukan. Daga baya na daina nema. Gonarsa tana nan a hannun baffana, an raba ta biyu, rabi masara rabi waken suya, sai 'yan kunyoyi a gefe da yake shuka auduga duk shekara don kada irin aikin ya ɓace a gidan. Bana da na je hutu ya miƙo mini wani ganye da ya murɗe ya yi ja, ya ce, "Kai da ka je makarantar Baba, me ke cin wannan?" Na sa ganyen a takarda, na yi masa alkawarin zan kai Samaru in dawo masa da amsa kafin shuka ta gaba.